Furen Goma ga Maris

Tizi, 12 ga Maris

Maigidana Bassu,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyin Faransa, ya ciwon gwiwar nan da kake ɓoye mini? Mu nan lafiya ƙalau.

Ka san akwatin zanen mahaifina, marigayi Baba Haddu. Shekara arba'in yana hawa duwatsun nan da madubin ƙara girma da fenti, yana zana tsirrai har gashin jikin ganye. Jami'a na son buga zane-zanen nasa a littafi, amma malamar da suka aiko ta tsaya kan wani shuɗin fure mai ɗigon ja, wai babu shi a littafin kowa. A ƙasan zanen Baba ya rubuta: "Bayan maɓuɓɓuga, goma ga Maris, kwana biyar yake yi." Shekaranjiya, goma ga wata, muka hau dutsen tare da ita, ba mu tarar da komai ba sai kashin awaki. Ta ce in ya ƙirƙiri ɗaya, wa zai yarda da sauran?

Raina ya ɓaci, Bassu. Mutumin da bai taɓa shafa launin da idonsa bai gani ba! To me ya gani a can? Abin ya tsaya mini a rai.

Matarka,
Tuda

Tizi, 24 ga Maris

Maigidana Bassu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, albishirinka! Na kai wa Gwaggo Ittu, ƙanwar Baba, kukana, sai ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta ce, "Ku 'yan boko! Maris ɗin wa? Haddu da kwanan manoma yake lissafi, wanda muke shuka sha'ir da shi. Namu yana bayan na gwamnati da kwana goma sha uku. Ai kun je biki tun ba a ɗaura aure ba."

Jiya muka koma. Bassu, ga furannin nan birjik a gindin dutse, shuɗi shar! Malamar ta durƙusa da madubin Baba ta ƙirga ɗigon: bakwai cif, kamar a takarda. Ni kuwa hawaye ya hana ni ƙirgawa.

Da ta miƙa hannu za ta tsinki ɗaya, na riƙe ta. Na ce mata Baba bai taɓa iya tsinkar fure ba, shi ya sa ya koyi zane. Sai ta janye hannunta, ta ce in ara mata fensirinsa.

Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Tuda