Baba Ya Sauka a Jauf

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga Yaya Yelwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Usuman da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yata Lubna ta warware, an yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan Raghad.

Na saurari saƙon muryarki, inda kika ce a mayar da Baba gidan ƙaninmu Ɗayyabu tunda na kasa riƙe shi. Ban kira ki ba don na san bakina. Na zaɓi takarda, ita ba ta katse mutum. Labarin da ya iso Kano rabi ne, ga sauran.

Kin san Lubna tana aure a Ƙurayyat, can arewa kusa da iyakar Jodan. Baba ya nace sai ya ga jinin jikarsa, kuma a jirgin ƙasa. Muka je Riyad muka shiga mai kwana a hanya, mai ɗakuna da gadaje. Ni da Latifatu matar Ɗayyabu ɗaki guda, shi da Baba ɗaki guda. Aikin da na ba shi ke nan a duk tafiyar: tsoho ɗaya, a ɗakin da bai kai kicin ɗinki ba. Yaya, mu mutanen Jidda ba mu san sanyi ba, sunansa kawai muke ji. Na taɓa gilashin taga, sai da na janye hannu kamar na taɓa wuta.

Bayan sallar asuba na ɗauki shayi na ƙwanƙwasa musu. Gadon Baba ba kowa. Ga rigar sanyinsa a ninke, ga wayarsa, ga Ɗayyabu cikin bargo har kai. Na tashe shi, ya ce ai Baba ya sauka yin salla da aka tsaya a Jauf, yanzu zai dawo. Jirgi kuwa yana ta gudu cikin sahara. Ashe Baba ya tashe shi ya ce ba zai yi salla a abin da ke tafiya ba alhali ga ƙasa. Ɗayyabu da hannunsa ya miƙa masa buta da sallaya, ya ja bargo. Da na tambaye shi hankalinsa, wai Baba ya fi mu sanin jirgi. Jirgin da Baba ya sani na Kano zuwa Ikko ne na ƙuruciyarsa, wanda ke tsayawa ka yi alwala, ka yi salla, ka yi cinikin rake, yana jiranka.

Ma'aikatan jirgin, Allah Ya saka musu, nan take suka buga waya tashar. Kafin amsa ta dawo na karanta duk addu'ar da na sani, ina tuna jallabiyarsa mai shara-shara da silifas, da ciwon sukarinsa. Sun same shi a ƙarshen tasha, zaune kan sallaya cikin iska, leɓɓansa sun yi shuɗi, yatsunsa ba sa iya riƙe carbi. Ya ce musu jirgin ya ɗan matsa gaba ne, zai dawo da baya. Muna isa Ƙurayyat, Nasir mijin Lubna ya juyo da ni Jauf a mota. Na tarar da Baba lulluɓe da farwa, rigar nan mai gashin tunkiya, ta wani ma'aikaci, yana faɗa wai jirgin zamani ba shi da ladabi.

Ɗayyabu ya gaya muku laifina ne da iƙamar Baba, katin izinin zamansa a ƙasar nan, take jakata. Haka ne, tana jakata tun ranar da ya mance ta a shagon yadi a Bab Makka. Amma ki gaya min, iƙama tana ɗumama mutum? Abin da ya girgiza ni, Yaya, ba barcin Ɗayyabu ba ne. A ce mutum ya farka daga irin wannan, abu na farko da ya nema shi ne wanda zai ɗora wa.

Duk da haka ban yi miki musu ba. Jiya Ɗayyabu ya zo da mota, na haɗa kayan Baba da magungunansa na ajiye a bakin ƙofa, raina yana tafasa. Baba ya fito, ya dubi akwatin, ya zauna a kansa. Ya ce ya sauka sau ɗaya ya ga abin da ya biyo baya, ba zai sake sauka ba. Ɗayyabu ya sha shayi ya tafi. Akwatin na mayar da shi ɗaki.

Ki gaishe min da Malam Usuman, da Goggo Dela, da Munzali da iyalinsa. Baba yana gaishe ki, ya ce ki aiko masa da kuka da daddawa, nan Waziriyya.

Ƙanwarki,
Lailatu