Kada a Cire Sandar Ruwan Turawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin kafa na'urorin auna ruwan sama a ƙauyukan Karaye da Rogo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, ni manomin gyaɗa ne a Turawa, kuma a bakin gonata ma'aikatanka suka kafa sandar nan mai auna ruwa da iska. Labari ya iso mini cewa za ku cire ta ku mayar cikin garin Karaye, wai don an same ta a karkace. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya, ruwan Karaye ba shi ne ruwan Turawa ba. Sau nawa hadari ke zubewa a Kurugu, nan kusa da mu, mu ya bar mu da iska? Bara waccan na ji a rediyo an ce damina ta zauna, na kwashe irina na shuka, ya tsiro ya ƙone. Bana da kuka jera sanduna daga nan har Beli, saƙo ya zo ta waya cewa mu dakata da shuka. Maƙwabta suka yi ta yi mini tsiya, wai waya ta zama sarkin noma. Na toshe kunne na jira. Yau rumbuna a cike yake, masu tsiyar ma sun fara zuwa tambayar iri. Alhamdu lillahi!

Na biyu, ba ɓarawo ne ya karkatar da ita ba. Tun kaka da kakanni, in an gama girbi mukan bar shanun Fulani su shiga gona, su ci kara su bar mana taki. Wani bijimin Malam Jauro, maƙwabcina, shi ya sami wurin susa a jikin sandar. Ma'aikatanka da damina suka zo, lokacin babu shanu a gona, suka zagaye ta da siririyar waya suka tafi.

Na uku, mun riga mun magance abin. Na kira gayya, Malam Jauro da kansa ya sari ƙaya, don shi ma da saƙon nan yake sanin inda ciyawa za ta fara fitowa. Mun yi shinge mai kauri, nesa da sandar yadda ba zai tare mata ruwa ba. Shanu sun dawo, bijimin ya zagaya, ya shinshina, ya kama gabansa. Ranar har guɗa mata suka yi.

Roƙona shi ne a bar mana sandarmu, a turo wanda zai miƙar da ita kafin ruwan shuka, a kuma ƙara wasu a ƙauyukan da ba su samu ba. Mai gyara in ya zo, da hannuna zan ɗage masa ƙaya. Mai cirewa kuwa, a shaida masa ba mu bar ƙofa ba.

Allah Ya ja zamaninka, Ya yi maka jagora, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.
Naka, Idi Mai Gyaɗa, Turawa.