Kawunan Tarwaɗa

Bagwai, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da goyonki. Yaya garin Bici? Mu nan sai godiya, ƙafar Baba ce dai har yanzu ta hana shi zuwa gona.

Yaya, wata magana ce na kasa yi a gaban Inna, shi ya sa na yago takarda. Kin san geron bana bai yi ba. Sati biyu ke nan ina taya Gwaggo Furera suyar kifi a bakin kasuwa, ladana kawunan tarwaɗar da ta yanke. Su kaɗai ke shiga miyarmu yanzu.

Da ransu ake kawo kifin daga dam. Sai Gwaggo ta juye su a baho, ta watsa musu gishiri, ta kife faranti, ta ce in zauna a kai. Yaya, har cikin jikina nake jin su. Suna dukan bahon kamar masu buga ƙofa, dukan yana raguwa kaɗan-kaɗan, sai na karanta shafi uku na littafin da kika bar mini kafin su yi shiru. A littafin saurayi yana kai budurwa cin kifi a Kano, amma ba a faɗi wadda ta zauna a kan farantin ba.

Jiya na kasa, na miƙe, kifi suka watse cikin ƙasa. Gwaggo ta ce in na sake, kar in koma. Don Allah ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Fadima

Ranar Alhamis

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin goyonki ya sauka.

Na yi ƙarfin hali. Gwaggo tana can tana hura wuta, na ɗauko taɓarya, na rufe ido, na bi su ɗaya bayan ɗaya a ka. Nan take suka mutu, babu ko motsi. Gwaggo ta yi ta dariya, wai 'yar littafi ta zama mahauciya. Ta ce ita ba ruwanta, gishirinta ma ya huta, ai rabona na farfasa.

Gaskiyarta. Kawunan sun dagargaje, miya ta cika da tsinin ƙashi. Inna ta yi faɗa sosai. Baba yana ta zare ƙashi daga bakinsa, ya tambayi abin da ya faru. Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Bai ƙarasa tuwonsa ba. Ina jin gishirin zan koma, Yaya, bai kamata Baba ya kwana da yunwa saboda tausayina ba.

Taki,
Fadima

Ranar Asabar

Yaya Hafsatu,

Sallama da gaisuwa. Inna tana gaishe ki.

Jiya da safe Baba ya kira ni zaure. Na tarar ya yanke ƙotar fartanyarsa, ya sassaƙe ta ta zama 'yar sanda daidai hannuna. Ya ce in naɗe kifin da buhu don kar ya suɓuce, in buga sau ɗaya a bayan idanu, kuma in daina rufe ido, don mai rufe ido shi ke maimaita duka. Ya ce in yi bisimilla, ko da yake kifi ba ya bukatar yanka. Na yi maganar fartanyar, ya ce in ƙafa ta warke zai sassaƙa wata ƙotar.

Yau kawuna tara na kawo gida, ko ɗaya bai fashe ba. Baba ya suɗe kwano.

Littafinki kuwa sai kin yi haƙuri, tunda na daina zama a kan faranti ban ƙara ko shafi ɗaya ba.

Ƙanwarki mai kewarki,
Fadima