Gangsar Baba, Zaren Inna

Sabiyan, farkon Afrilu

Zuwa ga ƙanena Teofilo,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan kiɗanka. Inna tana gaishe ka. Ni ma na gaishe ka, don haka aka koya mana, ba don raina ya so ba.

Pilo, ina gangsar Baba, farantan tagullarsa na kiɗa?

Jiya na shiga rumbun shinkafa, na tarar da ƙusar da ake rataye su fayau. Tagulla shida dai ba ƙwayar masara ba ce balle a ce ɓera ya ja. Na tsare Manong Isko direban bas a bakin hanya, ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce, "Ni fa kwali aka ba ni na ɗora. Yaron ya ce tukwane ne." Tukwane! Wato zuwan da ka yi da Ista, har da matsa wa Inna ƙafa, sata ce ta kawo ka.

Ka sani sarai, gidan da aka yi rasuwa ba ya kaɗa gangsa sai dattawa sun yanke wa matar mamaci zaren takaba. Inna ta kusa shekara da baƙin zane da zaren nan a wuyan hannu. Ba ta zuwa biki, ba ta ci a taro, ba ta ƙetare rafi. Lakay Omaweng, babban dattawa, ya sa ƙarshen Mayu za a yanka kaza a duba matsarmamarta don neman alama, a yanke zaren, don ta halarci auren Delfina a watan Yuni. Delfina 'yata ce, amma a bayan Inna ta girma. Idan tagullar nan ta yi ƙara kafin ranar, takaba ta koma farko, wata shekarar cur. Kai ma ka ji tarin da take yi da ka zo.

Na ga takardar da suka manna a jikin bas, wai gasar makaɗa ta bikin bazara a otal ɗin kan dutse. Ba sai na je wurin boka ba na san inda ka nufa da su. Ka mayar da su cikin kwalin, ka ba Isko ranar kasuwa. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa kowa ba.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Herminia

*

Baguio, tsakiyar Afrilu

Manang Herminia,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya Inna da tarin? Yaya amaryarmu? Na samu wasiƙarki, saura kaɗan ta ƙona mini yatsu.

Ɓarawo kika ce? Kayan ubana ne, kuma a gidanmu ni kaɗai ya zaunar ya koya wa. Ke ba ki ga abin da ake yi a nan ba. Zafi ya koro mutanen Manila, gari ya cika maƙil, kowane otal ya tuɓe wa masu kai abinci riga ya ɗaura musu bante, suna buga gangsar gwangwani ta kanti. Ran nan wani mai ƙaton tumbi ya ce wa matarsa, "Ashe kiɗan 'yan dutsen nan kamar ana gyaran kwano yake." Ta ƙyalƙyale da dariya. Ina tsaye a bayansu da jitata, Manang, har kunnena ya yi zafi.

Ƙungiyoyin da suka shiga gasar duk waƙar waje suke kwaikwayo, har da lanƙwasa harshe. Mu a ƙungiyarmu ta 'Yan Gangare muna so sau ɗaya a ji yadda tagullar gaske take magana. Wanda ya ci shi zai rufe biki a babban dandali, kuma gidan rediyo zai naɗi waƙoƙinsa. Tun ina ɗan saurayi nake kiɗa a mashaya wa mutanen da ba sa ko ɗago kai. Ba zan ga wannan ƙofar a buɗe in juya baya ba.

Amma kwantar da hankalinki, na yi dabara. Ni ba zan taɓa su ba. Rufo mai ganga da sauran yaran ne za su buga, su kuwa ba su haɗa ko kaka da mu ba, babu takabar da ta hau kansu. Sannan daga nan zuwa Sabiyan tafiyar yini ce. Kunnen Lakay Omaweng da ba ya jin carar zakaran gidansa ne zai jiyo mu?

Ki shafa mini kan Delfina, ki ce kawunta zai zo mata da kofin gasa.

Naki,
Pilo

*

Sabiyan, ƙarshen Afrilu

Teofilo,

Ina gaisuwa. Muna nan lafiya, ban da ciwon kan da ka ɗora mini.

Dabara! Zaman birni ya koya maka lauyanci ke nan. Wa ya ce maka hannunka aka ɗaure? Kai wane ne da za a ɗaure maka hannu? Tagullar aka rufe wa baki, ko Rufo ya buga, ko biri ya buga, ko iska ta kaɗa ta ta daki bango, ta yi magana ta yi. Kana ƙarami ka ga yadda aka yi wa matar Lakay Dopiyas da jikokinta suka yi wasa da tasu.

Kuma kada ka raina wa mutane hankali da zancen nisa. Gasar nan a rediyo ake sa ta, duk Asabar da la'asar rabin gari yana tsugune a shagon Pacita yana saurare. Akwai wanda bai san muryar gangsar gidanmu ba? Ƙaramar nan da ta dushe tun gobarar rumbu, ko cikin barci aka buga ta jariran Sabiyan za su ce ta gidan Gayaden ce.

Mai tumbi ya zage ka, ka ji zafi. To sai me? Shi ya koma gidansa ya manta da kai, haushinsa kuma uwarka ce za ta biya? Ɗan kuka dai shi ke ja wa uwarsa jifa.

Bari in gaya maka abin da take yi yanzu. Ta ɗaura masaƙa a ƙugu, tana saƙa zanen da za ta sa ranar bikin, da idon nan nata da ba ya ganin zare sai ta kai shi hanci. Shekaranjiya ta ɗaga mini shi ta ce, "Minyang, jan nan bai yi wa tsohuwa yawa ba?" Na ce bai yi ba. Ta ce, "Baƙin ya ishe ni, 'yar nan." Na zaga bayan rumbu na yi kuka, kuma da kana kusa da na fasa maka baki.

Da ba don tsuntsaye sun sauka a shinkafa ba, da ka gan ni a ƙofar ɗakinka. Ka aiko su. Ba roƙonka nake yi ba.

Yayarka,
Herminia

*

Baguio, farkon Mayu

Manang,

Na gaishe ki. Na ji, ya isa haka.

Suna cikin kwali, na ɗaure da igiya. Babu mai bugawa. Rufo ya ce na mayar da su 'yan iska, ya yini bai yi mini magana ba. Mun haye zagayen farko da jita da ganga kawai, kamar kowa, kin ji daɗi? Saura na ƙarshe ranar Asabar ta sama.

Ba zan ba Isko ba, 'yan aladu yake ɗorawa a kan kayan mutane. Da an gama zan kawo su da hannuna. Na yi miki alkawari, da kabarin Baba.

Ki ce wa Inna jan ya yi daidai.

Pilo

*

Baguio, Lahadi

Manang Herminia,

Ina gaishe ki da Inna. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga.

Na tafi da kwalin wurin gasa, don ƙofar ɗakin hayarmu ba ta kulluwa. Na ajiye shi bayan dandali ban ko kalle shi ba. Mu ne na ƙarshe. Muna tsakiyar waƙa hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sai wuta ta ɗauke ɗif. Jitata ta zama itace. Mutane suka fara ihu suna jifa da ɓawon gyaɗa. Shugaban alƙalai ya ce, "In ba za ku ci gaba ba, ku sauka." Sai mawaƙin wata ƙungiya, ɗan ƙasan kwari mai gashi har kafaɗa, ya haɗa hannu a baki ya ce, "Ku koma dutse ku noma kabeji! Kiɗa ba naku ba ne!" Duk wurin ya ɗauki dariya.

Ban san lokacin da na yanke igiyar ba. A'a, ƙarya nake, na sani. Ni na yanke, ni na rarraba, ni na ɗauki babbar.

Manang, da kin ga wurin nan. Muka sunkuya muka shiga zagaye kamar yadda Baba yake jan layi, dariyar ta mutu. Masu dafa abincin otal suka fito da ludayi a hannu, tsofaffi masu tallar kayan lambu suka ajiye kwanduna suka buɗe hannu suna rawa cikin ruwa. Wata ta rungume ni tana kuka, ta ce rabon da ta ji tagulla irin wannan tun tana budurwa. Mun ci. Kofin yana gabana.

Na rantse na ɗauka tunda wuta ta tafi rediyo ma ya mutu. Sai da muka sauko na ga motar gidan rediyon a gefe, injinta yana ta rugugi.

Wataƙila ruwan ya hana a ji. In kuwa an ji, ki je wurin Lakay Omaweng ki ce zan kawo alade, babba, a yi abin da za a yi. Amma kada ki ce in yi nadamar kiɗan. Ba zan iya ba.

Ƙanenki,
Pilo

*

Sabiyan, Laraba

Teofilo,

Gaisuwa, in ta rage tsakaninmu.

An ji. A nan ko yayyafi ba a yi ba, rediyon Pacita kuwa sabon batir aka sa masa saboda kai. Gari ya taru don jin ɗan gari, har da Lakay Omaweng da ka ce kurma ne. Da jitarku ta mutu mutane suka yi ta "ayya, ayya". Da babbar ta fara, kowa ya matso kusa da rediyon. Da ƙaramar ta shigo da dusasshiyar muryarta, tsohon ya cire lofe daga baki ya ce, "Ta gidan Gayaden ce." Ya tashi ya tafi, kowa ya bi ni da ido. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta zama cikin taro, don haka tana tsaye a kan gonarta ta sama, da sandar korar tsuntsaye. Tun daga can ta jiyo rediyon.

Na je wa dattawa da zancen aladenka, har na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa mijina ba. Lakay ya ce, "'Yata, alade ba ya mayar da ƙara cikin tagulla." Jiya da safe suka zo suka kwance tsohon zaren suka ɗaura sabo. Delfina ta ce a ɗaga bikin, dangin ango suka ce an riga an jiƙa shinkafar giya, an aika wa mutane har ƙetaren kogi. Inna ma ta ce kada a ɗaga.

Ƙofa ba ta kulluwa! Wanda ba ya nufin yanka ba ya tafiya da wuƙa, Pilo. Ka rantse mini da kabarin Baba, kuma ni wawuya na yarda. Ka riƙe kofinka ka sha ruwa da shi. Kada ka ƙara kirana Manang, ni ba yayarka ba ce.

Inna ta ce in sa takardarta cikin tawa. Da hannunta ta rubuta, ba ta bar ni na gani ba.

Herminia

*

Ɗana Teofilo,

Ina gaishe ka, ina fatan ruwan bai sa maka mura ba.

Na ji kiɗanka. Ka buga da kyau, ban taɓa jin ubanka ya kai haka ba. Ba zan ɓoye maka ba, kuma ba zan ce na yafe ba tukuna.

Zanen na ba Delfina. Yayarka ta ce kada ka zo bikin, ni na ce ka zo. Za a ajiye mini kujera kusa da amarya. Kai za ka zauna a kai tun safe har a watse, duk wanda ya tambaya ina kakar amarya, ka gaya masa da bakinka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mahaifiyarka