Ka Cire Fuskokinmu Daga Tallarka

Zuwa ga mai girma mai zanen tufafi, haifaffen Japan, mazaunin Faransa.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ni ne babba cikin dukawan nan biyu na Burkusuma da ka ɗauka a bidiyo. Na rubuto ne don ka sauke bidiyon daga shafinka kafin ya kashe ni, kamar yadda ya kashe ƙanena Nomau.

Na farko, ka zo mana ta Nijar a shekarar da ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone tun bai yi kai ba, makiyaya na yanka awaki kafin yunwa ta riga su. Jar fata kake nema. Muka ɗinka maka jakunkuna, ka sallame mu da mutunci, a nan ba ni da ƙorafi. Tafintanka ya ce a ƙasarku girmamawa ce a nuna fuskar mai sana'a da sunan garinsu. Muka ce a gaya maka mu nan ko hatsi muka sayo, a ɓoye muke shiga da shi gida. Ka rusuna, ka yi murmushi, ka ci gaba da ɗauka.

Na biyu, bidiyon ya yi yawo har ya shiga daji. Ranar kasuwa da rana tsaka 'yan bindiga suka zo bisa babura, ɗayansu riƙe da waya, yana duba ta yana duba fuskokin mutane. Suka fizgo Nomau daga rumfa, wai ya fito da dukiyar da baƙo ya bar masa. Suka karya masa haƙarƙari da gindin bindiga. Suka soka masa basillarsa a tafin hannu, suka datse masa yatsu da wuƙar aikinsa. Da ba su samu komai ba sai guntun gero, suka harbe shi a wuya a gaban matarsa. Ni lokacin ina garin Isa sayen fata. Ni na yi masa wanka, kuma yatsun nan da ka yi ta yabo, a tsumma na tsince su.

Na uku, an nuna mini bikin nunin kayanka: ga hoton Nomau cike da bango, mata na taku da jakarsa, ana tafi. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Na aika da ƙorafina ta hannun tafinta, ofishinka ya amsa cewa kana alfahari da mu. Alfaharin ne ya mayar da ni ɗan gudun hijira a Sabon Birni, ina yawo da rawani rufe da baki.

Roƙona kaɗan ne. Ka goge bidiyon, ka sauke hoton, ka cire sunan garinmu daga jikin kayanka. Gobe in wasu masu sana'a suka ce kada ka nuna su, ka saurara.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka, ya tsare ka da ganin irin abin da na gani. Ba za ni sa sunana a ƙasan takardar nan ba, har yanzu 'yan bindigar suna cigiyar ɗaya badukun.

Wassalam.