Wasiƙu Tara Zuwa Ga Vern

Talata, 2 ga Afrilu

Ƙungiyarmu ta masu lambu ta ɗora mini nuna jerin musayar iri a taron mako mai zuwa, a ɗakin ƙasa na coci. Za a jona kwamfutata da majigi, kowa ya gani a bango. Na ce to, da alfaharina.

Da na dawo gida na gwada. Ina danna wurin buɗe fayiloli, sai ga jerin abubuwan da na taɓa kwanan nan, reras. "Wasiƙa ga Vern, gwaji na 1", har zuwa na 9. Shekara talatin da ɗaya ina sakatariyar makaranta, ban taɓa ba fayil sunan ƙarya ba. Yau ga sakayyata.

Vern Halvorsen kuwa ɗan ƙungiyarmu ne, kullum a layin gaba yake zama, saboda kunnensa. Idonsa garau.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na kira 'yata Tove a Fargo. Sai da ta gama dariyarta tsaf.

"Mama, tara? Shekararki sittin da takwas fa! Ki aika masa ɗaya mana."

Na ce ba shawara na nema ba, saiti nake tambaya. Ta ce in danna ɗigo ukun nan na sama, in shiga zaɓuɓɓuka, layin farko in canza, ya daina buɗewa a kan na kwanan nan, ya riƙa buɗewa a kan rumbun kwamfutar. Na yi. Na rufe, na buɗe, fes! Ba Vern, ba dalilinsa. Har 'yar rawa na taka a kicin.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Na buɗe ta sau shida don in tabbatar. Shiru kamar gidan haya bayan an kwashe kaya.

Talata, 9 ga Afrilu

Taro ya yi kyau. Wake, kabewa, tumatir, komai a layinsa. Arlene, shugabarmu, ta ce, "Ke Marlys, kwamfutarki ta fi ɗakin tiyata tsabta, ko ɗan abin gulma babu."

Wajen shan kofi Vern ya ce ɗansa ya matsa masa ya koma Arizona kusa da su, ƙarshen wata zai ba da amsa. "To me ya rage mini a nan Bemidji, in ba tumatir ba?" Yana faɗa yana kallon kofinsa.

Na ce, "Ai can ma ana tumatir." Bakina ke nan. Na ji haushin kaina har gida.

Laraba, 10 ga Afrilu

Babu wanda ya ga komai. Abin da nake so ke nan, ko ba haka ba?

Asabar, 13 ga Afrilu

Vern ya bugo jiya, wai bai kwafi jerin irin ba, ko zai iya biyowa. Da safe na zauna na mai da saitin yadda yake da. Ba don komai ba, na fi sabawa da shi ne.

Ya zo da tiren ƙananan shukokin tumatir. Na ce, "Ga kwamfutar can, buɗe da kanka, bari in ɗora kofi." Kofin minti biyar, sai da na yi rabin awa a kansa. Na goge murhu sau biyu.

Can na ji ya yi gyaran murya daga falo.

"Marlys, ta huɗun ta fi daɗi. Me ya sa kika cire maganar hulata?"

Ya tafi ya bar tiren a tagata, wai rana ta fi shigowa ta nan. Ya ce zai riƙa zuwa ba su ruwa, don sai ƙarshen Mayu ake dasawa.

Jerin irin dai har yanzu bai kwafa ba.