Manaja yana so in ce mu ashirin ne a kamfani

Sannunku 'yan gida. Admin a sakaya sunana abeg. Don Allah ku ba ni shawara, kafin Litinin nake buƙata.

Ina aiki a wani kamfanin leda a Kudenda, ɓangaren fakin, wato ɗaure kaya. Tun da gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi muke jira, sai oga ya tara mu a bakin get ya ce shi ba ya karya doka, amma zai ƙara mana ne kaɗan-kaɗan, wai mataki-mataki. Wasu har da tafi. Matakin farko da ya zo, ko kuɗin keke daga unguwarmu Romi bai kai ba, kuma a watan aka daina shinkafar da ake ba mu da rana. Mataki na biyu har yau yana hanya, ina jin a ƙafa yake tahowa. Shi kuwa oga bai sayi sabuwar motarsa mataki-mataki ba, da tayoyinta huɗu ta shigo.

To yanzu 'yan ofishin ƙwadago za su zo dubawa ranar Litinin. Ashe dokar ba ta kama kamfanin da ma'aikatansa ba su kai ashirin da biyar ba, mu kuma mun wuce haka nesa. Dabarar manajanmu wai a kwashe rabinmu a rufe a sito bayan buhunan roba har baƙi su tafi. Manyan mutane masu 'ya'ya fa! Mama Ngozi mai mana shara, a haife ta haifi manajan nan, ta ce masa ita ba akuya ba ce, kuma asma gare ta, ba za ta shiga inda ba taga ba. Ya ce to ta zauna a gida, kar ma ta dawo. Masu cika baki kullum, har da Bulus na wurin inji mai cewa shi ne yuniyon, duk suka koma kallon takalmansu.

Ni aka zaɓa in tsaya gaban baƙin, wai na iya turanci, in ce mu ashirin ne. Manaja ya ja ni gefe ya ce in na yi, ni kaɗai za a cika min albashi daga wannan watan. Na ce masa au, ashe kuɗin akwai, ya ce in iya bakina, masu neman aiki na nan jibge a waje.

Hayata ta kusa ƙarewa, ƙanwata kuma a wurina take. In na faɗi gaskiya baƙin za su hau motarsu su tafi, ni za a bari da manaja, kuma na san matsoratan nan ba wanda zai fito daga sito ya tsaya min. In na yi ƙarya kuma, na cika albashina ke nan da haƙƙin mutanen da aka kulle. Jiya Mama Ngozi ta kira ni ta ce, "'Yata, ki riƙe aikinki, kar ki damu da ni." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ku faɗa min tsakani da Allah, in ce ashirin, ko in nuna musu ƙofar sito?